Wace Tarakta Ta Dace Da Mai Ƙaramar Gona Da Dawaki?

A wannan wata filinmu na noma da kiwo zai yi magana ne da mutanen Farfaru da kewaye, a ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Amma duk wanda yake da ƙaramar gona da 'yan dabbobi a gida, maganar ta shafe shi.

Ƙasar Katsina ƙasar dawaki ce tun kaka da kakanni. Ana kiwon su don hawan salla, da biki, da kilisa, da sukuwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo sun yi suna wajen ƙwallon doki. Har yau a ƙauyukanmu za ka sami mutum da doki biyu, ko uku, ko huɗu a turke, ga kuma gonar da yake ci da iyalinsa, yake ci da dawakin.

Da can irin wannan mutum da shanun huɗa yake aiki. To, matsalar tsaro da satar shanu ta sa mutane da yawa a yankin Jibiya sun rabu da shanunsu. Wasu an kore musu, wasu sun sayar don tsoro. 'Yan ƙwadago kuma sun yi tsada. Shi ya sa yanzu ake yawan maganar tarakta, wadda wasu ke kira tantan. Kuɗin tarakta kuwa ba ƙananan kuɗi ba ne. Wanda ya sayi wadda ba ta dace da shi ba, yana iya sayar da gona da dawakin duka bai gama biyan bashi ba.

Fara da lissafin aikinka

Kafin ka je kallon tarakta, zauna da takarda da alƙalami. Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci ya zo. Rubuta ayyukan da kake so inji ya yi maka, kuma ka rubuta kwana nawa kowane aiki yake ci a shekara.

Mu ɗauki misali da mutum mai gona hekta 3 da dawaki 4. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Yana noma gero da dawa, da wake da gyaɗa.

Babbar tarakta mai jan garma mai faifai uku tana kafce fiye da hekta 2 a yini ɗaya. Ke nan gonar wannan mutum ba za ta ci mata kwana biyu ba. A ƙara kwana ɗaya na haro da kwana ɗaya na huɗa. Aikin ƙasa na shekara guda ya ƙare a kwana huɗu. Sauran kwanakin shekara fa?

Yanzu mu juya ga barga. Doki yana cin busasshen abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kowace rana. Dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar kamar kilo 7 na harawa da ingirici da dusa da dawa. Dawaki 4 suna cin kilo 28 a rana. Rani a wajenmu yana kai wata 8, wato kwana 240. In ka buga lissafi za ka sami kilo 6,720. Kusan tan 7 ke nan na abinci, kuma duk sai an ɗauko shi daga gona ko daga kasuwa.

Sai ruwa. A lokacin bazara doki ɗaya yana iya shan lita 40 a rana. Dawaki 4 lita 160, wato jarka 8 mai cin lita 20, kullum ta Allah.

Sai kuma taki. In kowane doki yana kashi kilo 15 a rana, dawaki 4 za su tara fiye da tan 20 na ɗanyen taki a shekara. Yana raguwa in ya bushe, amma duk da haka tsibi ne babba. In an bar shi a barga sai ƙuda da wari da ciwon kofato. In an kai shi gona kuwa, ya rage maka kuɗin takin zamani.

Ka ga ke nan, babban aikin mai dawaki dako ne. Kaftu na kwana huɗu ne, ɗaukar kaya kuwa na kowace rana ne. Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce: wane inji ne zai ɗauko mini harawa da ruwa, ya kai mini taki gona, ba tare da ya cinye ni da mai ba? Mutane da yawa suna fara tambaya daga garma, shi ya sa suke sayen abin da ya fi ƙarfinsu.

Mene ne ƙarfin doki?

Duk mai sayar da tarakta zai ce maka wannan mai doki 30 ce, waccan mai doki 75 ce. Mu masu dawaki sai abin ya ba mu dariya. Ga asalin maganar.

Fiye da shekara 200 da suka wuce, an yi wani maƙerin injina a ƙasar Birtaniya mai suna James Watt. A zamaninsa dawaki ne ke juya injin niƙa da na jawo ruwa. Da ya so mutane su sayi injinsa, sai ya auna aikin da doki mai ƙarfi yake yi in yana ja a hankali, ya sa wa wannan awo suna ƙarfin doki. Har yau da shi ake auna ƙarfin inji. Tarakta mai doki 30 tana nufin injinta yana da ƙarfin wannan awo sau 30.

Abu biyu za ka riƙe a nan. Na farko, ba duk ƙarfin inji ne ke isa ga garma ba. Wani yana tafiya wajen ɗaukar nauyin taraktar kanta, wani yana ɓacewa in taya tana sulɓi a cikin rairayi. Na biyu, lambar da aka rubuta a jikin tarakta ba kullum ce take nuna dawakinta ba. Massey Ferguson 375 tana da kamar doki 75. Amma tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, ba doki 135 gare ta ba. Kamar 45 ne. Kada dillali ya ruɗe ka da lamba. Ka ce a nuna maka a littafin taraktar.

Yawan doki kuma yana tafiya da yawan shan mai. Inji mai doki 75 yana shan gas ko da abin da yake ja bai wuce jarka takwas ba.

Iri uku da za ka tarar a kasuwa

Ta farko ita ce ƙarama mai taya biyu, wadda 'yan kasuwa ke kira fawatila. Mutum yana riƙe ta da hannu biyu yana bin ta a baya, kamar yadda ake bin shanun huɗa. Ƙarfinta daga doki 8 zuwa 15 ne. Yawancinsu daga ƙasar Sin da Indiya ake kawo su. Injinta mai silinda ɗaya ne, irin wanda kanikawan injin niƙa da na ban-ruwa suka saba da shi. Faɗinta bai kai mita ɗaya ba, saboda haka tana shiga lungu da burtali da ƙofar gida.

In aka ɗaura mata 'yar tirela, direba yana zama a kai, ta ɗauki kaya daga rabin tan zuwa kusan tan ɗaya a hanya mai kyau. Ana sa mata bel ta juya famfon ban-ruwa, ko injin casa, ko injin da ke daddatsa karan dawa don dabbobi. Ga wanda yake da fili a fadama, ko a gonakin noman rani na madatsar ruwan Jibiya da ke kan kogin Gada, wannan inji yana da aiki rani da damina.

Aibinta shi ne gajiyar da mai bin ta. Ba ta da sauri, kuma in ƙasa ta bushe ta yi tauri ba ta iya kafce ta da kyau. In an cika mata kaya a gangara, birkinta ba abin dogara ba ne. Akwai kuma masu araha da ba sa wuce damina biyu. Araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce matsakaiciya mai taya huɗu, daga doki 25 zuwa 50. Direba yana zaune a kanta. Tana jan garma mai faifai biyu, da ƙaramin haro, da rija, da tirela mai ɗaukar tan 2 ko 3. A ganinmu, in mutum ya dage sai ya sayi mai taya huɗu, wannan ce ta fi dacewa da mai dawaki. Tana yin aikin gona, tana yin dako, kuma in ta gama naka tana iya yi wa maƙwabta a biya ka. Wasu daga cikinsu dukkan tayoyin huɗu ne ke ja. Waɗannan sun fi tsada, amma sun fi fita daga rairayi in an ɗora musu kaya.

Ta uku ita ce babba, daga doki 60 zuwa 80, irin wadda gwamnati da manyan manoma suke saye. Tana jan garma mai faifai uku ko huɗu. Faɗinta yana kai mita 2. Ita wannan ta mai gona hekta 30 ko 50 ce, ko wanda ya ɗauki haya sana'a. Masana injinan gona da awa suke lissafa ran tarakta, kamar awa 10,000 ko fiye in ana kula da ita. Wadda take aiki awa 40 kawai a shekara ba aiki ne zai kashe ta ba. Zama ne zai kashe ta: batir ya mutu, taya ta tsattsage, ɓera ya ci waya, tsatsa ta kama ta. Kuɗinka kuma suna kwance.

Akwai wani abu da ake mantawa. Tarakta ita kaɗai ba ta noma. Garma, haro, rija da tirela kowanne da kuɗinsa daban. A bayan tarakta akwai hannuwa uku na ƙarfe da ake maƙala kayan aiki. Wani mutumin Ailan mai suna Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro wannan dabara, shi ne kuma sunansa yake jikin Massey Ferguson. Hannuwan nan suna da girma daban-daban. Garmar babbar tarakta ba ta shiga hannun ƙarama, in ma ta shiga ba za ta iya ɗaga ta ba. Don haka kada ka ce za ka sayi ƙaramar tarakta ka riƙa aron garmar maƙwabcinka mai babba. Ka sa kuɗin tirela a farkon lissafi, domin ita ce za ta fi yi maka aiki.

Kafin ka bar gida, ɗauki igiya ka auna faɗin ƙofar gidanka, da ƙofar barga, da wurin da burtalin gonarka ya fi matsewa. Ka tafi kasuwa da igiyar. An sha ganin wanda ya sayo tarakta sai da ya rushe katanga kafin ta shiga gida.

Ƙasarmu rairayi ce

Yawancin gonakin tudu a Farfaru da kewaye jigawa ce, ƙasa mai rairayi da sauƙin huɗa. Irin wannan ƙasa ba ta bukatar a yi mata kaftu mai zurfi kowace shekara. In babbar garma ta birkice ta, ƙasar sama mai taki tana komawa ƙasa, sai iskar farkon damina ta kwashe abin da ya saura, ruwa ya yi zaizaya. Sau da yawa haro marar nauyi da rija sun isa. Ƙasar fadama mai laka ita ce ke son ƙarfi.

Sai maganar itatuwa. Babbar tarakta tana son fili fetal, ba kututture ba saiwa. Direban haya yakan ce a sare wannan, a tone wancan. Amma mai dabbobi ya san darajar gawo. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, kuma gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, domin yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi tun daga shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Wato in ana sharar gona ba a tumɓuke tohon itatuwa, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su su girma. Da haka gonaki masu yawa suka sake yin itatuwa. Ƙaramin inji yana iya zagaya itace ya wuce. Wannan ma dalili ne na zaɓen ƙarama.

Kuma yawancinmu muna haɗa gero da wake a gona ɗaya, gonakin ma a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can. Babbar tarakta a ƙaramin fili rabin lokacinta a juyawa yake ƙarewa, man kuma kai ne za ka biya.

Kayan gyara sun fi fenti

Dattawa za su tuna da taraktocin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da na Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano. Sun yi aiki sosai a shekarun 1980. Yau da yawa daga cikinsu suna jibge, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Sau da yawa abin da ya kwantar da tarakta ƙaramin ƙarfe ne da aka rasa a kasuwa.

Saboda haka kafin ka zaɓi iri, je wurin bakaniken da ya fi kusa da kai. Tambaye shi wace iri ya iya gyarawa. Tambaye shi ina ake samun matacin mai da na iska, da bel, da famfon gas, da faifan kuloci. In ana samun su a Jibiya ko Katsina, madalla. In sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, to, kwana ɗaya ko biyu ne. In kuwa sai an aika Legas ko ƙasar waje, ka haƙura da wannan iri ko da kyauta aka ba ka. Damina a wajenmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Taraktar da ta kwanta mako biyu a farkon damina ta ɓata maka shekara. A Arewa an saba da Massey Ferguson ƙwarai, akwai kuma Mahindra da John Deere da New Holland. Wadda bakaniken garinku ya sani ita ce taka.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata hanya, wato sayowa ta Maraɗi, a biyo ta Ɗan Isa a shigo ta Magama. Wani lokaci akan sami ta hannu da sauƙi a can. Amma a yi hattara da abu uku. Canjin sefa da naira yana hawa yana sauka, sai ka yi ciniki yau gobe kuɗin su ƙaru. Dole ne kuma ka sami takardun kwastan na gaskiya, in ba haka ba ana iya kama taraktar a hanya. Na uku, iyaka ba kullum take a buɗe ba. An rufe ta a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai a watan Afrilu na 2022. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa a watan Maris na 2024. Wanda kayan gyaran injinsa sai daga tsallake suke zuwa, ya san abin da ya gani a waɗannan shekaru.

In ta hannu za ka saya

Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin yawancinmu, don haka ta hannu aka fi saye. Kada ka tafi kai kaɗai. Tafi da bakanikenka, wanda kai ne za ka biya shi, ba na mai sayarwa ba.

Ku je da sassafe kafin a tayar da injin. Taɓa shi ka ji ko da sanyi. Injin da ya gaji yana wuyar tashi da safe, amma in an riga an ɗumama shi sai ya ɓoye ciwonsa. In ya tashi, dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, gyaransa da tsada. Farin hayaƙin da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, wataƙila ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi mai yawa kuwa matsalar gas ce ko matacin iska.

Zaro sandar awon mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da shi. Leƙa lagireto ka ga ko akwai mai a kan ruwan. Duba ƙarƙashin taraktar ko tana ɗiga.

A maƙala mata garma a ɗaga sama, sannan a kashe injin. In garmar ta sauko ƙasa nan da nan, na'urar ɗagawa ta gaji. A gwada kowace giya, gaba da baya, a taka birki. Dubi manyan tayoyin baya da kyau, domin kuɗin guda biyu kaɗai yana iya sayen doki. A ƙarshe ka duba lambar da ke jikin inji ta yi daidai da wadda ke cikin takarda. A yi rasit, da shaidu, da sa hannu. Sabon fenti ba ya nuna komai sai dai cewa an sayi fenti.

In mai ita ya yarda, a kai ta gona ta yi aikin awa ɗaya a gabanka. In ya ƙi, ka san dalili.

Haya, haɗin gwiwa, ko amalanke

Bayan duk wannan lissafi, wani zai ga cewa sayen tarakta bai kama shi ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Mai hekta 2 ko 3 yana iya ɗaukar hayar babbar tarakta ta yi masa haro da huɗa, sannan ya riƙe amalanken jaki ko keken ɗaukar kaya mai taya uku don harawa da ruwa da taki. Matsalar haya ɗaya ce: ranar da aka yi ruwan shuka kowa yana neman tarakta. Sai ka yi magana da mai ita tun da bazara, ka ba da kafin alƙalami, a rubuta.

Wata hanya ita ce mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayi matsakaiciya guda ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma taraktar taro tana saurin mutuwa in ba a yi ƙa'ida ba. A sami direba ɗaya tak wanda ya koyi aikin. A sami littafi da za a riƙa rubuta awa nawa ta yi, a gonar wa, lita nawa ta sha. Kowa ya biya kuɗin aiki ko da yana cikin masu ita, a ware wani kaso a ajiye don juye da gyara da taya. Tun kafin damina a jefa ƙuri'a a san gonar da za a fara da wadda za a bi. Ƙungiya mai rajista ta fi samun sauƙin neman rance ko shiga shirin gwamnati. Malamin gona na hukumar KTARDA zai iya nuna muku yadda ake yi.

Wani zai ce, su dawakin fa, ba za su yi aikin ba? A ƙasar Senegal doki ne ke jan injin shuka gyaɗa da amalanke, ba wanda yake ganin abin mamaki ne. A wajenmu kuwa in ka ɗaura wa ingarman hawan salla amalanke, sai gari ya ɗauka. Amma wanda yake da goɗiya mai sanyin hali, ba laifi ya yi tunani a kai.

Ka tuna da tsaro kuma. Inji mai tsada yana jawo ido. In gonarka tana nesa da gari, ka tambayi kanka inda taraktar za ta kwana, da kuma ko direba zai yarda ya je can.

Tarakta a kusa da barga

In Allah ya sa ka saya, ka sani doki dabba ce mai firgita. Ranar farko kada ka tayar da inji a kusa da turke. Ajiye taraktar a kashe inda dawakin za su gan ta, su sansana ta. Bayan kwana biyu a tayar da ita daga nesa, a riƙa matsowa a hankali. Kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffiyar barga, hayaƙinsa guba ne ga mutum da dabba.

Harawa da ingirici kamar fetur suke wajen kama wuta. Kada bututun hayaƙi ya kusance su, kuma a ajiye jarkar gas nesa da rumfar harawa. In za a kwaso harawa a tabbata ta bushe sarai kafin a jibge ta. Tirela tana sa mutum ya yi gaggawar kwasowa, harawar da ta yi fumfuna kuwa tana sa doki tari da ciwon ciki.

A bayan tarakta akwai wani ƙarfe mai juyawa da ke ba injin casa ƙarfi. Yana juyawa sau 540 a minti ɗaya. In ya kama babbar riga ko rawani ko gyale, ba ya saki. A rufe shi da murfinsa, mai aiki kuma ya sa tufafi masu kama jiki. Kada a ɗora yara a kan murfin taya. In za a ja kaya mai nauyi, a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura a sama, gaban taraktar yana iya tashi ta kife a kan direba.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji a ƙasarmu, musamman da hunturu. A duba matacin iska kowace safiya, tare da mai da ruwan lagireto. A yi juye a kan lokacin da littafin taraktar ya faɗa, yawanci bayan awa 250 ko ƙasa da haka. Gas ɗin bakin hanya a tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba, domin ruwa da datti suna kashe famfon gas. Wanda ya saba tashi da asuba ya ba doki ruwa da harawa ya share turke, sai ya ƙara minti goma ya zagaya taraktar kafin a tayar da ita.